Cokalin Alkamar da Na Hana Nevena

"Idan ta shigo, ka wuce ta da farantin."

Mama ce ta faɗi haka a kicin. Ba ta ko kalle ni ba, tana ta tsara cokula a gefen kwanon dafaffiyar alkama.

"Mama... Nevena ce fa. Bayan bikin Ista za a ɗaura mana aure."

"Na san sunanta, Zlatko. Ga Inna Yelka can a falo cikin baƙaƙen kaya, ko arba'in ɗin mijinta ba a yi ba. So kake a gabanta mu karrama lauyar da ke kare wanda ya kashe shi?"

Ranar slava ce, bikin waliyyin gidanmu. Duk wanda ya tako ƙofa, kafin ya zauna sai an miƙa masa cokalin alkama da kofin ruwa. Ko mashayin unguwa ba a hana shi. Tun rasuwar babana ni ke riƙe farantin.

Baba Milisav, mijin Inna Yelka, shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Wani direban motar katako mai suna Sredoye ya buge shi a kwanar gada, ya gudu. Da aka kama shi ba shi da lauya, sai kotu ta naɗa masa Nevena.

Ta shigo da furanni a hannu, sanyi ya sa hancinta ya yi ja. Kowa a falon ya zuba mata ido. Ta yi mini murmushin nan nata, ta miƙo hannu za ta ɗauki cokali.

Na waiga wajen Mama. Sai na tsinci ƙafafuna sun wuce, na tsaya gaban Kawu Dragisha wanda ya riga ya ci sau biyu.

"Yau kuma ni ce amaryar?" in ji Kawu. Wasu suka yi dariya.

Nevena ta mayar da hannunta aljihun riga a hankali. Ta ajiye furannin a kan tebur, ta yi wa Inna Yelka ta'aziyya, ta fita.

Na cim mata a bakin shinge.

"Rabin raina, tsaya mana..."

"Koma ciki, baƙi na jiranka."

"Ba za ki ce a ba wani lauyan ba? Da komai ya wuce."

"Mu uku ne a jerin lauyoyin da kotu ke naɗawa. Ɗaya ya ce bayansa na ciwo, ɗaya ya kashe wayarsa. Wa ya rage?"

"Amma ai kowa ya san shi ya yi."

"Shi ya sa yake buƙatar wanda zai tsaya masa." Ta juyo ta dube ni. "Ka ga, ban ji haushin Mama ba, makoki take yi. Kai ne ka riƙe farantin, Zlatko."

Na tsaya ina kallon sawun takalminta a kan ƙanƙara har ta sha kwana.

Ni dai ban yi karatu mai nisa ba. A aji takwas na tsaya, kuma a makarantar da na bari ɗin nake aiki yanzu, ina gyaran famfo, ƙofofi da tukunyar ɗumama azuzuwa. Har yau ban san abin da Nevena ta gani a jikina ba. Takan ce ni kaɗai ne a garin nan nake barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Mako uku ina rubuta mata saƙo ina gogewa.

Wata Talata aka ce bututun ɗumi na aji takwas yana yoyo. Ina durƙushe a bayan ajin da sifana a hannu, sai Malama Gordana, mai koyar da haƙƙin ɗan ƙasa, ta shigo da baƙuwa.

"Yau mun samu lauya ta gaske, ku yi mata tambayoyinku."

Tun kafin in ɗago na gane takunta. Na ƙara dunƙulewa a bayan kujeru.

"Anti, ba kya jin tsoron zama kusa da masu kisa?" in ji wata yarinya mai tabarau.

"Wani lokaci ina ji."

"To me ya sa kike kare su? Babana ya ce wanda ya kare mugu shi ma mugu ne."

Nevena ta jingina da tebur. "Bari in tambaye ku. Wa aka taɓa ɗora wa laifin da bai yi ba?"

Hannaye kamar biyar suka tashi.

"To wa ya taɓa yin laifi da gaske, amma kafin labari ya kai gida an ƙara masa uku a kai?"

Ajin ya fashe da dariya, kusan kowa ya ɗaga hannu, har da Malama Gordana.

"Aikina ke nan. Ba na cewa mutum bai yi abin da ya yi ba. Ina tsayawa ne a hukunta shi kan abin da ya yi, kada a ƙara masa da fushin gari. Ranar da aka ce akwai wanda bai cancanci a saurare shi ba, gobe ba ku san wa za a sa a wannan layin ba."

Yarinyar ba ta haƙura ba. "Anti, wai da gaske ne an hana ki alkamar slava a gidan saurayinki?"

"Dunya, rufe bakinki," in ji Malama.

Amma kawuna sun riga sun juyo baya. Duk sun san ni. Na ji kunnuwana suna zafi kamar an kara su a wuta.

Nevena ta kalle ni, karo na farko cikin mako uku.

"Ga wanda ake zargi nan a zaune," ta ce a natse. "Ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Yana da damar ya yi magana... yana kuma da damar ya yi shiru."

Ta jira. Wallahi ta jira ni sosai. Na san abin da ya kamata in faɗa, amma idanu talatin suna kaina.

"Bututun ya gyaru, Malama," na ce. Na tattara kayana na fita.

A ɗakin tukunya na zauna kan bokiti na rufe fuskata. Na wulaƙanta ta a gaban dangina, ita kuma ta kare ni a gaban yara. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

A watan Maris aka zauna shari'ar. Rabin garin suka cika bas zuwa kotun. Mama tana riƙe da hannun Inna Yelka, ni ina biye da jakunkunansu.

Duk suka cunkushe a bencinan dama, har ana zama kan cinyar juna. Na hagu, bayan Sredoye da Nevena, babu kowa sai wata tsohuwa mai ɗankwali, mahaifiyarsa, tana murza hannayenta.

Mama ta matsa ta yi mini wuri. Na miƙa mata jakarta.

"Ina za ka?"

"Can zan zauna, Mama."

"Zlatko, kada ka kunyata ni a bainar jama'a."

"Na riga na kunyata kaina. Ki yi haƙuri."

Taku biyar ne kawai zuwa bencin hagu. Na ji Kawu Dragisha yana cewa, "An shanye yaron nan." Na zauna kusa da tsohuwar. Nevena ba ta waiwayo ba.

Sredoye bai musa ba. Ya ce shi ya buge Baba Milisav, tsoro ya sa ya gudu. Nevena ta kawo takardar asibiti da ta nuna bai sha komai ba ranar, alhali a gari an ce a buge yake, har an ce da gangan ya yi. Da alƙali ya ba shi damar magana, ya juya wajen Inna Yelka.

"Inna, da na tsaya, wataƙila da yana raye. Ban ce ki yafe mini ba."

Inna Yelka ta sunkuyar da kai tana kuka. Aka yanke masa shekara huɗu.

A bayan ginin na same ta, ta jingina da bango, hawaye na zuba kan takardun da ta rungume.

"An kayar da ke ne?" na tambaya, don ban gane yadda abin yake ba.

"A'a. Hukuncin ya yi daidai." Ta share ido. "Baba Milisav ne ya kawo mini takardar shiga jami'a, Zlatko. Da gudu ya zo, ko keken bai jingine ba. Wata huɗu ina son in yi kukansa, ba wanda ya bar mini wurin yi."

Sai nawa hawayen suka zubo.

"Ni ya kamata in zama wurin. Tsoro na ji, Nevena. Na ji tsoron Mama, na ji tsoron mutane, har yara na ji tsoro. Ba ni da wata hujja."

"Ka makara sosai."

"Na sani."

"Kuma ban ce ya wuce ba."

"Zan jira, rabin raina. Ko bayan Ista goma ne."

Daga tsallaken titi bas ya yi ham. Mama na tsaye a ƙofarsa, mutanen gari duk sun leƙo ta tagogi.

"Zlatko! Za ka shigo ko mu tafi?"

Nevena ta kalle ni.

"Ku tafi, Mama," na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Zan raka Nevena gida."

Mama ta daɗe a tsaye kafin ta shiga. Bas ɗin ya tashi ya bar mu.

Nevena ta ja hanci, ta ɗora mini tulin takardun a ƙirji.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Tashar jirgin ƙasa da nisa, kuma ina da magana da yawa."