Sakataren Ranar Lahadi

Inuwa ya fara ganin Zaituna ne a ƙofar masaƙar da yake aiki a Challawa, wata Litinin cikin Yulin 1983, da ƙarfe biyu, lokacin da masu aikin safe ke fita masu aikin rana na shiga. Ta kawo wa mahaifinta, Malam Lawan mai gadi, kwanon tuwo. Ita naɗe alawar minti take yi a wani kamfani a Sharada, ranar kuwa injinsu ya tsaya aka sallame su da wuri. Da Inuwa ya gaida mai gadi, sai ta ɗago kai ta dube shi da kyau.

"Kai ne Sakatare Jibo," in ji ta.

Ya ce ranar Lahadi ne kawai, sauran kwanaki shi makanikin injin saƙa ne. Ya nuna mata baƙin mai a tafin hannunsa, ta yi dariya.

A shekarar babu abin da ake kallo kamar Ɗakin Shawara, wasan talabijin mai kashi ashirin da shida, duk Lahadi da biyar da rabi na yamma. Labarin wani Kwamishina Ɗalhatu ne, a wata jiha marar suna, wanda ya gano manya na sayar da filayen talakawa, ya shiga tara sunayen shaidu a ɓoye. Yawancin 'yan wasan malaman makaranta ne da ma'aikata, Asabar ake ɗaukar wasan. Inuwa ne sakataren kwamishinan, mai riƙon fayil, mai ƙarancin magana.

A duk Panshekara ba wanda ya kai Malam Lawan son wasan. Yakan fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida ya ɗora a tebur, mutum talatin su zauna a tabarmi, shi kuwa yana ba Kwamishina shawara kamar yana jin sa. Da Inuwa ya fara zuwa zance, kusa da kansa ya ba shi wuri.

Lokutan aikinsu ba su haɗuwa, sai minti biyu da safe a tashar bas. A nan suke musayar wasiƙa, tata a naɗe kamar alawa.

"'Yar minti," ya rubuta cikin Nuwamba, "jiya injin lamba tara ya cinye min awa huɗu, duk ina tuna yadda kika ce hular Sakatare ta yi min girma. Na gaya wa kawuna. Zai zo wurin Baba a ƙarshen Disamba."

"Sakatarena," ta amsa, "har yanzu hular ta yi maka girma. Bar ta haka. Allah Ya kai mu Disamba."

Ranar sha ɗaya ga Disamba aka nuna kashi na ashirin da uku. Kwamishina ya damƙa wa Jibo ambulan mai sunayen shaidu, ya ce ya ɓoye shi ko da ransa ne. Jibo ya fita ta ƙofar baya inda wata baƙar mota ke jira. Ya shafa ambulan ɗin da tafin hannu sau biyu, ya miƙa ta taga. A fitowa ta gaba mutum huɗu suka shiga gidan Kwamishina, aka nuna takalminsa guda a tsakar gida.

Malam Lawan ya kashe talabijin tun ba a gama jero sunayen 'yan wasa ba, ya shiga gida bai dubi Inuwa ba.

Da safe mai shayi ya ce wa Inuwa ruwa bai tafasa ba, alhali butar na huci. Ranar Talata aka farke tayar kekensa. Ranar Laraba ya tarar an rubuta Jibo da baƙin mai a akwatin kayan aikinsa. A lokacin ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata a masaƙar, kowa na tsoron sunansa. Baffa, shugaban ɗakin rini, wanda ya taɓa neman Zaituna ta ƙi, ya riƙa cewa a ɗakin cin abinci wai masu talabijin ba sa ba mutum rawa sai sun ga ta dace da shi, kuma an ga Inuwa ya shiga ofishin manaja sau biyu. Fanka ya je gyarawa, amma ba wanda ya tambaye shi.

Abin da Inuwa bai sani ba, Malam Lawan ba da gadi ya fara ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana saƙa. A 1977 su goma sha huɗu suka yi taro don neman abin rufe hanci saboda ƙurar auduga, kafin mako ya zagayo sunayensu suka isa ofis, aka kore su duka. Bayan shekara biyu aka dawo da shi bakin ƙofa. Har yau bai san wanda ya kai sunayen ba.

Ya gaya wa matarsa Binta cewa shi ba yaro ba ne, ya san wasa ake yi. Amma yadda yaron nan ya shafa ambulan kafin ya miƙa, wannan ba a koya wa mutum shi.

"Inuwa," Zaituna ta rubuta, karo na farko da ta kira sunansa tsura, "Baba ya ce kada kawu ya zo. Ni na san ka. Gaya min yadda wasan zai ƙare in gaya masa, ko zuciyarsa za ta sauka."

"'Yar minti, ranar da aka raba mana takardun wasa, furodusa ya sa kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawarin ba zai faɗa wa ko matarsa ba. Na ɗaga nawa. Ki yi haƙuri da ni."

Kwana tara ba ta zo tasha a lokacinsa ba.

Kashi biyu suka wuce ba a nuna Kwamishina ba, ba gawa ba labari. Ranar Alhamis ta ƙarshen shekara, da tashin masu aikin safe, Malam Lawan ya kira Inuwa ɗakin gadi ya tura ƙofa. Baffa da wasu mutum biyar suka tsaya a gindin katanga suna kallo.

"Tambaya ɗaya," in ji Malam Lawan. "Kwamishina yana raye?"

"Baba, ranar Lahadi za ku gani."

"Yau nake so. Ka faɗa min, gobe kawunka ya zo, na ba ka Zaituna. Ba wanda zai ji, daga ni sai kai."

Inuwa ya daɗe yana kallon littafin shige da fice a kan tebur. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Na yi alkawari, Baba. Ba zan iya ba."

Malam Lawan ya buɗe ƙofa ya ce ya tafi. Inuwa ya wuce ta gaban su Baffa yana tura keke, bai waiwaya ba.

Da yamma Malam Lawan ya gaya wa Binta abin da ya faru. Ya ce wanda ya sayar da su a 1977, ko wane ne, bai wuce ƙarin girma aka nuna masa ba. Wannan kuwa Zaituna aka ajiye masa a gaba, ya yi gumi, ya ƙi sayar da labarin wasa. Binta ta tambaya ko gwada shi ya yi. Ya ce a'a, wallahi sani yake so, da yaron ya faɗa da ya ba shi ita, kuma da ya ba mutumin da bai dace ba.

Washegari Zaituna ta zo tasha. Layi ɗaya ne a cikin naɗin: "Sakatarena, Baba ya ce kawu ya zo da goronsa."

Ranar Asabar aka wayi gari sojoji sun karɓi mulki. Ranar Lahadi da biyar da rabi mutum fiye da hamsin suka taru a ƙofar gidan Malam Lawan. Aka sa kiɗan soja, sannan mai sanarwa ya ce an ɗage Ɗakin Shawara har sai an ji daga gare su. Ba a sake ji ba.

An ɗaura auren a ƙarshen Janairu bayan sallar Juma'a. Mai shayi ya zo, Baffa bai zo ba. Da aka shafa fatiha mutane suka fara watsewa, Malam Lawan ya riƙe hannun angon bai saki ba, ya rage murya.

"Yanzu ka zama ɗa, wasan kuma an binne shi. Yana raye?"

"Furodusa bai warware mana ba tukuna, Baba."

Malam Lawan ya girgiza kai.

"Tafi ka riƙe min ita kamar haka. Allah Ya yi muku albarka."