Jan Ruwan da Mukarrama ta Sha

Da hantsi rahoton ya iso teburin Insifeta Naja'atu a ofishin 'yan sanda na Makarfi. Wata yarinya 'yar shekara huɗu daga garin Gubuchi, Mukarrama, ta rasu a asibiti, likita kuma ya ce ba sikilar da take fama da ita ce ta kashe ta ba. Wani abu aka yi ta ba ta kwana da kwanaki har ya lalata mata ƙoda.

Kafin azahar mutanen Gubuchi sun taso ƙeyar Malam Zayyad, rigarsa a yage. Mai binciken tsirrai ne da ke zuwa garin yana yi wa iyaye mata bayani.

"Me ka ba yarinyar?" Naja'atu ta tambaye shi.

"Ban ba kowa komai ba, ranki ya daɗe. Magana kawai na yi. Na ce karan dafi, jan ɓawon dawar nan da ake jiƙa wa masu jego, yana ɗauke da sinadaran da muke kira finolik asid. Muna ganin alamar suna taimaka wa jiki ya kare kansa. Na kuma ce kada kowa ya ajiye maganin asibiti. Sau uku na faɗa."

Washegari ta tafi Gubuchi. Ta tarar da Lubna, uwar yarinyar, zaune a ƙofar ɗaki, idanu sun kumbura. Bayan gaisuwar rashi, Lubna ta jawo wata kwalba daga ƙarƙashin gado, rabinta jan ruwa.

"Wa ya haɗa miki?"

"Shi malamin," in ji Lubna, tana kallon ƙasa.

A cikin kwanukan wanke-wanke Naja'atu ta hango ɗan kofin roba. An goge shi har ya koɗe, amma cikinsa ja ne ɗau. Irinsa ta saka wa tata 'yar a jakar makaranta da safen nan. Ta sa hannu ta ɗauka.

A ofis ta ajiye wa Zayyad kwalbar. Ya roƙi ruwan zafi da lemon tsami, ya jiƙa karan dafin da ke jakarsa, ya matsa lemon. Jan ya sassauto, ya koma kamar ruwan goro. Ya matsa a na kwalbar, ko gezau.

"Wannan bai fito daga gona ba," ya ce. "Garura ce, rinin da dukawa ke saya a kasuwa."

Baduku ɗaya ne a unguwar su Lubna: mahaifinta, Baba Maiwada. Naja'atu ta same shi a rumfarsa, jajayen fatu na shanya a bayansa.

"Baba, da me kake rini?"

"Da karan dafi, 'yata, kamar yadda na tarar."

"Nuna mini."

Ya daɗe kafin ya ɗaga murfin tukunyar. Ɗan gari-gari ne kawai a ƙasanta. A gefe ga gwangwani an rufe da tsumma, bakinsa ja ɗau irin na kofin.

"Yaushe ya ƙare?"

Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa.

"Tun bayan ƙaramar salla. Kowa ya koma rake da masara, ba mai shuka shi. Na je Kudan, na je Ikara, ban samu ba. Ga yarinya ta fara kumari da jiƙonsa da nake yi mata, uwarta ta fara samun barci. Ta yaya zan ce mata babu?" Muryarsa ta karye. "Shekara talatin ina sa garura a madadinsa in ya yanke, ba wanda ya taɓa gane bambanci a fata. Na ɗauka jan shi ne maganin. Ɗan kaɗan nake ɗigawa, wallahi. Ita kuma ta ce, Kaka, ƙara mini mai ja. Sai in ƙara."

Ba su ji isowar Lubna ba. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar Naja'atu.

"Tun a asibiti na gane, da na ga harshenta. Don Allah, Hajiya, jiya aka kai ɗaya. Ki bar mini ɗayan."

Naja'atu ta sunkuya ta ɗago ta, hawaye na zuba a kan kakinta.

"'Yar'uwa, akwai bawan Allah a kulle saboda maganarki. Shi ma yana da 'ya'ya."

Baba Maiwada ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Sake ta, Lubna. A je a buɗe wa malamin."

Bai jira ankwa ba, Naja'atu ma ba ta ciro ba. Da ƙafarsa ya taka zuwa mota, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.