Warin Hannun Rigarsa

"A mayar musu da kayansu. Ba zan ba mashayi 'yata ba."

Najiba na kicin tana wanke shinkafa ta jiyo maganar Baba, saura kaɗan robar ta suɓuce mata.

Shekara biyu ke nan da suka baro Kano suka tare a garin Dengfeng na ƙasar Sin. Baba, Alhaji Maidaji, na aika kaya gida, ita da Umma suna tuƙa wa fatake tuwo. Wajen cin tuwon ta san Sharfaddeen, ɗalibin da ke nazarin halittun teku marasa ƙashi, su kaguwa da dodon koɗi da wasu da Hausa ba ta raɗa musu suna ba. Yakan yi wata guda a tsibiran kudu, ya dawo baƙi ƙirin, da katantanwa a aljihu dominta.

Ranar ya zo gaisuwa daga wurin aiki, saura sati uku ɗaurin aure. Suna yin musabaha Baba ya ji warin barasa a hannun rigarsa. Sai da Sharfaddeen ya tafi sannan ya yanke wannan hukunci.

Umma ta yi ta ba shi baki, ya ce shekara talatin yana fatauci, hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Najiba ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ta durƙusa bakin ƙofa.

"Baba... don Allah ka je inda yake aiki ka gani. In ka dawo ka ce a'a, na haƙura."

Ya ce ta shirya da safe, tare za su.

Da safe suka hau tasi. Ita kanta shakka ta fara kama ta. In fa Baba ne da gaskiya?

Wata tsohuwar Basiniya mai farar riga ta tarbe su da "Ni hao", ta buɗe musu ɗakin binciken. Warin nan ne ya fara dukansu. Kwalabe ne jere har rufi, kowace da halitta kwance cikin ruwa garai-garai, da 'yar takarda mai sunan tsibiri da kwanan wata.

Sharfaddeen ya taso da sauri ya durƙusa. Baba ya nuna kwalaben da haɓa, ya tambayi ruwan mene ne. Ya ce sifirit ne mai hana su ruɓewa, ba abin sha ba ne, jiya ma wata kwalba ta kife masa a hannu.

Baba ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago.

"To... ashe ƙwarin ne mashaya."

Najiba ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Amma Baba bai saki fuska ba, ya ce mutum ya tsallako duniya don tara ƙwari, wannan sana'a ce?

Sharfaddeen ya yi gaba. Ya kai shi gaban wani akwatin gilashi mai ruwan teku, ya nuna wani ɗan abu mai ƙaho biyu yana jan jiki. Da ya taɓa shi da tsinke, naman ya janye, farin baya mai sheƙi ya bayyana.

"Wuri?" Baba ya matsa har goshinsa na taɓa gilashin. "Wuri ne yake tafiya?"

"Mai rai ne, Baba. Ƙwansonsa kawai ke isa ƙasarmu."

Baba ya yi tasbihi a hankali. Ya ce kakarsa ta tsufa da ƙwarya mai adon wuri, har ta koma ga Allah tana cewa dutse ne. Ya fi minti goma a tsaye, yana tambaya ana ba shi amsa.

A bakin ƙofa ya juyo.

"Ka sa a wanke rigar jiya kafin ɗaurin aure."

Ya yi gaba. Sharfaddeen ya dubi Najiba, ya rage murya.

"Sanyin idona... me rigata ta yi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, dariya da hawaye suna rige-rigen fitowa.

"Bayan biki zan faɗa maka."