Tambaya ta Bakwai a Fom ɗin Sa'adatu

Sa'adatu tana tsakar gidansu a Gusau, ta baza takardun furojet ɗinta na kammala jami'a a kan tabarma, sai ga ƙanwarta da saƙon cewa Haliru yana zaure. Ta yi mamaki, don ranar Talata ce, kuma Haliru yana koyarwa a Bunguɗu, ba ya zuwa zance sai Juma'a. Ta same shi tsaye, ko zama bai yi ba.

"Lafiya na gan ka haka?"

"Jiya kin tahi Tsahe?"

"Na je mana. Ai na hwaɗa maka, binciken tsofaffin matan da sunka ƙi yin katin asibiti na kyauta."

"Tsohuwar da kinka tsare da tambaya har ta tashi ta bar miki wuri, Innata ce, Sa'adatu."

Sa'adatu tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta manufofin gwamnati, kuma babu darasin da take ji da shi kamar na walwalar jama'a. A aji ba a kama ƙafarta. To, wannan gwanar ce ta shiga gidan da mata suka taru a Tsafe, ta buɗe fom, ta iso tambaya ta bakwai: sunan maigida da sunan babban ɗa. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Sa'adatu ta san sarai cewa tsofaffin mata ba sa kiran sunan miji ko na ɗan fari, amma rana ta yi, fom goma sha biyu na jiran ta. Ta maimaita sau uku, ta ƙara da cewa, "Haba Inna, suna ne fa kawai!"

"Ta ce ɗiyar da ba ta san kunya ba, ba ta shigo mata gida," in ji Haliru. "Kawunnaina da za su zo neman aure ran Asabar, ta hana."

"Kai kuma mi ka ce?"

"Ni ba ni saɓa wa Inna. Kuma wallahi ba ni iya barin ki."

Ta koma ɗaki ta sha kukanta. Mahaifiyarta ba ta lallashe ta ba, cewa ta yi, "Karatun jama'a kike yi, kin kasa karanta tsohuwa guda. Share hawaye ki tahi ki gyara abin da kinka ɓata."

Ranar Asabar ta shiga motar Tsafe ba fom ba biro. Ta durƙusa ta gaida Inna Saude, ta ba da haƙuri. Inna ta amsa a daƙile ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Sa'adatu ta zauna a gefen tabarma ta sa hannu. Haka ta yi Asabar biyar a jere, yatsunta suka yi kanta, Inna ko kallon arziki ba ta yi mata ba. Malamin da ke duba furojet ɗinta yana ta faɗa ta makara, ƙawaye suna cewa ta rabu da tsohuwa mai taurin kai, ita kuwa ta kafe.

A wajen ɓarar nan ne ta ji abin da fom bai taɓa gaya mata ba. Maƙwabta suna hira, ɗaya ta ce, "Kati dai muna so. Amma yaro ƙarami ya sa ka tsakiyar mutane, wai hwaɗi sunan maigida da ƙarhi? Gara in zauna da ciwona." Ashe Inna Saude ma, da ciwon ƙafarta, sau biyu tana komowa daga layi saboda haka. Sa'adatu ta ji kunya ta kama ta har cikin ranta. Ta sake furojet ɗin daga tushe, ta kuma je ta roƙi ma'aikatan asibitin su bar ɗan rakiya ya rubuta sunayen. Suka yarda.

Asabar ta shida ta ce, "Inna, mu tahi asibiti. Ba mai tambayar ki komi." Inna ta tashi ta jawo mayafi.

Sa'adatu ta cike fom da hannunta. Akawun asibitin ya duba, ya yamutsa fuska. "Malama, rubutun ga ya cakuɗe. Karanto min sunan babban ɗan."

Ta buɗe baki, ta dubi Inna a gefenta, sai sunan Haliru, mijin da za ta aura, ya maƙale. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Inna Saude ta tuntsire da dariya har da tafa hannu. "Haba ɗiyata, suna ne hwa kawai!"

Da yamma Inna ta aika Bunguɗu a ce wa yaron nan ya shaida wa kawunnansa su shirya goro.

Wanda duk zai yi wa mutane tsari, ya fara zama a tabarmarsu ya saurare su. Sa'adatu ta yi haƙurin zaman, ta samu digirinta, ta samu mijinta, ta kuma samu uwa.