Ɗaya ga Janairu

Dab da magariba, ranar Juma'a, Koma-gobe ta dawo ɗakin kati don ɗaukar abin shaƙarta na asma da ta manta a dirowa. Ita ce mai rajistar marasa lafiya a asibitin, kuma bakinta ne ya jawo mata wannan suna. Komai ciwonka, in ka leƙo tagarta, amsar ɗaya ce.

Aikinta ba wuya: suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya. Amma da wannan ɗan bayanin kwamfuta ke gane mutum, tun daga ɗakin likita har ɗakin magani. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, sai a rubuta masa ɗaya ga Janairu. Ita kanta haka aka yi mata, don uwarta cewa ta yi da damina ne dai.

Ranar Litinin da ta wuce ta ga kati biyu, suna ɗaya, duka ɗaya ga Janairu. Shayinta na hucewa, don haka ko adireshi ba ta duba ba, ta danna "haɗa". Ashe tsofaffi biyu ne daban, ɗayar ma ta rasu tun makon jiya.

Washegari mai ran ta zo karɓar allurar suga, 'yarta na riƙe da ita. A ɗakin magani aka ce kwamfuta ta hana.

"Mama, ai kin mutu," in ji Koma-gobe tana dariya. "Ga shi nan a rubuce. Allah ya ji ƙanki."

"Don Allah, yaya, ki gyara," in ji 'yar. "Allurarta ta ƙare tun jiya."

"Ku koma gobe."

Gyaran bai fi minti biyar ba. Sai dai in aka raba kati, kwamfuta na nuna wa shugaba sunan wanda ya haɗa. Kwana uku suna zuwa, kwana uku tana korarsu. Yau da ba su zo ba har hamdala ta yi, wai ta huta da naci. Rashin imaninta dai ya kai inda ya kai.

Ba kowa a barandar, sai warin maganin goge ƙasa. Ta buɗe ƙofa, ta tarar da kwamfutar a kunne, alhali da hannunta ta kashe. Ta ɗauki abin shaƙar. Sai wani wari ya taso, na ɗanyar ƙasa da aka haƙo yanzu.

Ƙwas, ƙwas, a jikin taga.

"An tashi," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Koma..."

"Goben ce ta yi, 'yata."

Tsohuwar nan mai allurar suga ce tsaye. Baki ɗaya ke motsi, amma murya biyu ke fita, ɗaya siririya, ɗaya a dishe.

"Ina kwance lafiyata kika turo min baƙuwa," in ji mai dishewar. "Wurin ya yi mana kaɗan."

"Ni kuma jiya na iso," in ji siririyar, muryar da ta sani. "Ban samu allurar ba."

Koma-gobe ta faɗa kujera.

"Yanzu zan raba ku, Mama. Wallahi yanzu."

"Raba me? Ai yanzu kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Tambaya muka zo yi. Yaushe aka haife ki?"

Kati na uku ya fito da kansa a fuskar kwamfutar, ga hotonta a jiki.

Ɗaya ga Janairu.

"Sunanmu ba ɗaya ba ne," ta ce a raɗa.

"Mu ma ba ma dubawa, 'yata. Sauri muke."

Hannu ya shigo ta ramin miƙa kati. Ya yi ta zuwa, ba gwiwa, har ya sauka a kan nata. Sanyi ƙalau, ga laka a farce.

Ya danna "haɗa".

Ta fizge, ta zare wayar daga soket. Kwamfutar ba ta mutu ba.

Ta kwasa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙirjinta ya toshe, yana fito. A bakin get ta kai abin shaƙar baki ta matsa.

Ƙasa ce ta fito.

Mai gadi ne ya tsince ta a kwance, tana tofar da laka.

Da safe ta je ɗakin magani neman sabon abin shaƙa, aka ce kwamfuta ta hana. Katinta ya nuna shekara saba'in da huɗu, marigayiya. Sau uku shugaba yana raba katin, sau uku yana komawa ya haɗe. Na kanti kuwa, duk wanda ta saya ƙasa yake fitarwa.

An sallame ta daga aiki, amma kullum tana nan a bencin jira, ƙirji na fito. Ba mai zama kusa da ita, wai wurin sanyi gare shi. In layi ya zo kanta sai ta dafa tagar da hannu biyu, ta kalli sabuwar mai rajista, wadda ita ta koya wa aiki.

"Don Allah, ƙanwata, ki gyara. Numfashina..."

"Yaya, ga shi nan a rubuce. Ki koma gobe."