Faranti Na Biyu

Bastien ya iso tsohuwar fadar da aka mayar otal a tsakiyar gonakin inabi shi kaɗai, alhali ɗakin amarci ya kama. Wadda zai aura ta fasa ana gab da biki.

Kullum faranti biyu ake jera masa. Ya ci nasa, ya zauna yana kallon ɗayan. Solène, 'yar mai otal ɗin, ta rasa wanne ne tausayi: ta bar farantin ya yi ta cin ransa, ko ta ɗauke ya gane kowa ya gani? Ran nan dai ta ɗauke.

"Malama, baƙuwata ba ta gama ba," in ji shi.

"Baƙuwarka ba ta da ci. Kazarmu ta gaji da jiranta."

Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa.

Ya ƙara kwanaki. Da yamma sukan bi layin inabi, ba su cika magana ba. Ita ma ta daɗe tana cin abincinta a tsaye, bayan baƙi sun watse.

Mahaifinta bai so ba. "Ke ba magani ba ce, 'yata. Mara lafiya in ya warke, gida yake tafiya."

Abin da take tsoro ke nan.

Sai ga tsohuwar budurwar ta bugo waya otal, Solène ce ta ɗauka. Wai a gaya masa ta yi nadama, tana tafe. Da Solène ta haɗiye saƙon, wa zai sani? Ta kai masa, ba ta rage komai ba.

Washegari ya ce a jera faranti biyu. Da hannunta ta jera, ta sauka rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa ta zauna tsakanin gangunan giyar inabi.

Wayarta ta yi ƙara, saƙon Bastien ne. "Ɓarauniyar faranti, kaza tana hucewa. Na ce wa waccan ta sha zamanta. Wannan naki ne."

"In ka warke fa?" ta rubuta.

"Ai na warke. Ga ni ban tafi ba."

Mahaifinta bai sakko ba sai da ya ga Bastien ya tsinki inabi kaka guda, hannunsa ya yi kanta. A ranar bikin aurensu tsohon ya rungume su.

"Allah Ya yi muku albarka. Kada ɗayanku ya sake zama gaban farantin da ba mai shi."