Sujadar Sabitu

Adjara ta fara ganinsa ne a bakin teku, wata safiya da ta je sayen kifi wurin masunta. Masu jan koma suna ta waƙarsu da harshen Mina, ita kuwa idonta ya sauka kan wani saurayi can gefe, tsaye da ƙafa ɗaya, ya ɗora ɗayar a cinya, hannuwansa sama. Ko motsi ba ya yi.

Ta ajiye kwando tana jira ya faɗi. Da ta gaji ta ce, "Malam, lafiya? Ko an yi maka asiri ne?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin ɓata mini ƙirge. Na kai numfashi arba'in."

"Ni dai zalɓe na sani da irin wannan tsayuwar. Shi ma kifi yake jira."

Dariya ta kayar da shi a kan yashi. Tun daga ranar sunansa a bakinta ya zama Zalɓe.

Sunansa na yanka Sabitu, ɗan Inna Ma'u mai tuwo a Zongon Lome, maraya ne. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa har ranar da buhunan siminti suka zubo masa a baya. Wata takwas yana kwance, asibiti suka ce sun yi iyakar yinsu. Wani tsoho mai kantin yadi kusa da babbar kasuwa, Motiram, wanda 'yan Zongo ke kira Baba Indiya, shi ya ɗauke shi aikin auna yadi a zaune. In an rufe kanti sai ya shimfiɗa masa tabarma a baya ya koya masa abin da mutanensu ke kira yoga. Cikin shekara Sabitu ya jefar da sanda.

Kifin gidan su Adjara ya koma na kullum, har innarta ta fara tambaya ko nama ya ƙare a Lome.

"Wai yogar nan bautarsu ce?" Adjara ta tambayi Sabitu wata rana.

"Ba iri ɗaya ba ce, sheri, masoyiyata. Akwai ta jiki, suna ce mata hata, ita nake yi. Akwai ta numfashi kawai. Akwai ta zama shiru, mutum ya rufe ido har zuciyarsa ta daina tsalle. Akwai ta waƙa da kiran gumakansu, wannan Baba Indiya a ɗakinsa yake yin abinsa, bai taɓa kirana ba. Ya ce ma akwai ta yin aiki ba ka jiran a gode maka."

"Wannan ai Inna Ma'u ta riga shi iyawa."

Ranar da ba su haɗu ba, takarda ce ke tafiya a ƙarƙashin murfin kwanon tuwo. Ta farko da ya rubuta mata, ga ta:

"Sanyin idona, Baba Indiya ya ce in na tsaya da ƙafa ɗaya in kafa ido a wuri guda don kada in faɗi. A da jirgin ruwa nake kallo. Yanzu hanyar da kike fitowa nake kallo, shi ya sa nake yawan faɗuwa. Naki, Zalɓe."

Mahaifinta Alhaji Nata'ala ɗan goro ne, shekara arba'in yana harkar, ba a taɓa ganinsa a sahu na biyu ba. Da manyan Sabitu suka zo gaisuwa bai kore su ba. Ya ce yaron yana da kunya, zai duba.

Akwai kuma Kimba, direban babbar mota a hanyar Yamai, wanda ya nemi Adjara sau biyu ta ce masa ya yi haƙuri. Kimba bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma wannan bai wanke shi ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, gobe bayan asuba zo mu taka bakin teku ka ga surukinka."

Suka je. Rana tana ɓullowa, ga Sabitu ya fuskance ta, ya haɗa tafin hannu a ƙirji, ya ɗaga su sama, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya kai goshi da ƙirji ƙasa, ya miƙe, ya sake. Sau goma sha biyu Alhaji ya ƙirga. A Lome mafitar rana da alƙibla kusan wuri ɗaya suke, kuma duk wanda ya riƙe allo ya san an hana salla daidai fitowar rana. Can gaba kaɗan wasu mata cikin fararen zannuwa suna zuba wa teku hadayarsu. Alhaji ya juya gida.

Da la'asar ya aika aka kira Sabitu zaure.

"Abin nan da kake yi da safe, yana da suna?"

Sabitu ya sunkuyar da kai. "Gaisuwar rana ake ce masa, Baba. Amma wallahi ni don bayana..."

"Gaisuwar me?"

"Rana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakinka ka faɗa."

Gaskiya ɗaya ce, kowannensu da laifinsa. Sabitu ya karɓi abin baƙo gaba ɗaya, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda musulmi zai kai goshi ƙasa a gaban rana a wannan lokacin ba. Alhaji kuma ya ga abu ɗaya ya yanke wa duka hukunci.

"Ka bar shi duka," in ji Alhaji. "Da na safe da na yamma, da kantin mutumin nan. Ka rantse. In ka cika shekara a haka, ka dawo mu yi magana."

Sabitu ya dafa Alƙur'ani ya rantse.

Washegari takardar Adjara ta zo, hawaye sun ɓata tawadar:

"Zalɓe, wa ya aike ka? Ka manta wata takwas ɗin da ka yi kwance? Ni zan iya jira shekara goma, bayanka ba zai jira wata uku ba. Don Allah ka koma wurin Baba ka yi masa bayani."

Ya amsa mata: "Sanyin idona, na riga na rantse. Ciwon baya na san shi, mun zauna tare. Rashinki ne ban sani ba, kuma ba na so in sani."

Da ya bar kanti, aikin da ya rage masa shi ne wanda ya saba. Ya koma dako a tashar mota. Wata na biyu ya fara tafiya a karkace. Wata na uku ya ɗauko sandar da ya jefar. Wata na huɗu ƙafarsa ta hagu ta fara ja a ƙasa, Inna Ma'u tana gasa masa baya da ruwan zafi tana kuka a ɓoye. Baba Indiya ya aiko sau biyu, Sabitu ya ce a gode masa, shi mai rantsuwa ne.

Kimba ya sake turo manyansa. Alhaji ya tambayi 'yarsa, ta ce a'a, bai matsa mata ba. Amma ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta.

Wata Alhamis ta kai wa mahaifinta abinci rumfa, ta tarar da shi ya kwance huhun goro yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, fari nan, ja nan, mai tsutsa a gefe. Ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Akwai magana ne, uwata?" Sunan mahaifiyarsa gare ta, haka yake kiranta.

"Baba, sujada nawa ce a sallolin farilla na yini?"

"Yau kuma ni za ki yi wa jarrabawa? Talatin da huɗu."

"Lokacin da Sabitu yake yin abin da ka hana, goshinsa yana taɓa ƙasa sau talatin da huɗu saboda Allah. Yau wata biyu ke nan, ko sujada ɗaya bai iya ba."

Alhaji ya ɗaga kai. "Tashi ki tafi gida."

Ta tafi. Abincin ya huce bai taɓa shi ba.

Washegari Juma'a, a karo na farko cikin shekaru, mutane suka ga Alhaji Nata'ala ya bar sahun gaba ya koma can baya, gefen bango, inda tsofaffi da marasa lafiya ke zama. Sabitu yana wurin, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya jingina. Da liman ya yi kabbarar sujada masallaci duka ya tafi ƙasa. Alhaji yana cikin tasbihi ya ji nishi a gefensa, irin na mutumin da ke cije baki kada a ji. Da aka sallame ya dubi tabarmar gaban Sabitu. Ba wurin goshi, sai ɗigon hawaye.

Daga masallaci bai biya gida ba, kantin Baba Indiya ya nufa da babbar rigarsa. Da Mina suka yi magana, harshen kasuwa.

"Kai ka koya wa yaronmu bautar rana?"

Tsohon ya cire tabarau ya goge. "Zauna, Alhaji. Abin da nake yi wa ubangijina yana ɗakina, ban taɓa fito da shi ba. Yaronka ƙashi na gyara masa."

"Gaisuwar ranar fa?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, sunanta daga girmama rana ya fito. A ƙasarmu wani yana yinta don rana, wani don ƙugunsa. Ni ban yi tunanin yadda za ta zama a idonku ba, wannan laifina ne. Cire ta. Akwai wasu ashirin da za su yi aikinta."

"Nuna mini su. Duka."

Aka ja ƙofar kanti. Tsoho ɗan saba'in ya hau tabarma yana yi yana faɗin amfanin kowanne, Alhaji yana zaune a kan bandir ɗin yadi da carbi a hannu. Kwanciya rigingine a rungume gwiwa, Alhaji ya ce wannan ya wuce. Murɗa ƙugu a zaune, ya wuce. Jan numfashi ta hanci ɗaya a fitar ta ɗayan, ya ce ya wuce. Haɗa tafin hannu a ƙirji, a'a. Sautin da suke ja da baki kafin a fara, a'a. Zaman shiru, ya ce mu muna da namu bayan asuba. Har magariba ta kusa suna abu ɗaya.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa. "Shekara arba'in ina tsince goro," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ban taɓa zubar da huhu don na ga mai tsutsa ɗaya ba. Sai a kan ɗan mutane."

Da kansa ya je ɗakin Inna Ma'u. Sabitu ya yi yunƙurin tashi, Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Kwanta, ɗana. Gobe da la'asar mutumin nan zai zo zaurena. Bango za ka fuskanta, ni kuma ina zaune."

"Baba, rantsuwata fa?"

"Ni na sa ka. Shinkafar miskinai goma daga gidana za ta fita, kai ka yi niyyar kaffara. Ka yafe mini."

Sabitu ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa.

Baba Indiya ya zo, ya daddanna bayan, ya ɗaga ƙafar hagu ya sake ta, ta faɗi kamar ba ta mutum ba. Ya dubi Alhaji ya ce, "Bayan zai dawo. Ƙafar kun makara."

Wata bakwai ana gyaran bayan a zauren Alhaji, kullum tsakanin la'asar da magariba. Zongo ta yi surutu, wasu suka ce Alhaji ya tsufa. A shekarun nan na jam'iyya ɗaya mutane ba su da abin da za su tattauna a fili sai irin wannan, don haka suka ci shi da kyau. Alhaji bai kula kowa ba. Kimba kuwa ya daina biyowa ta layin.

An ɗaura auren ranar Lahadi da hantsi a ƙofar gidan Alhaji, shekara ɗaya kafin a rushe tsohon Zongo a watsa mutanensa bayan gari. Da aka shafa fatiha Sabitu ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa. Ya dafa ƙasa, ya sauke gwiwa ɗaya, ya jawo ɗayar da hannu. Ya daɗe yana sauka. Sannan goshinsa ya taɓa tabarma. Da ya gama godiyarsa ya kasa tashi, surukinsa ne ya tallabo shi, gemunsa jiƙe.

Da yamma, bayan 'yan rakiyar amarya sun watse, ya shigo yana dogara sanda, ƙafar tana ja a bayansa. Adjara ta ɗaga mayafi.

"Sannu da zuwa, Zalɓe."

"Ki daina kirana haka, sheri. Zalɓen nan ya tafi. Dubi abin da aka kawo miki, miji mai ƙafa ɗaya."

Ta tashi ta karɓi sandar ta jingine ta a bango, ta sa kafaɗarta a wurinta.

"Ai da ƙafa ɗaya na gan ka ran farko," ta ce, "kuma na ajiye kwandona."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya jiƙan Alhaji Nata'ala, wanda har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake iya kallon ƙafar nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba.